Sabon shan lemon kwalba a masarautar Gumel: abin da ke cikin kwalbar da yadda ake rabuwa da ita

Lemon kwalba suna ne da ake kiran duk wani abin sha mai zaƙi da iskar gas da aka sarrafa a masana'anta, ko da kuwa a roba ko a gwangwani ya zo. A ƙananan hukumomi huɗu da suka haɗu suka yi masarautar Gumel a arewacin Jihar Jigawa, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, shi ake tarbar baƙo da shi, shi ake kora abinci da shi, shi kuma ake kashe ƙishirwar bazara da shi. Yankin yana bakin iyaka da Jamhuriyar Nijar, kuma zafinsa kan wuce maki 40 a ma'aunin Salshiyos a watannin Afrilu da Mayu. Ɗan kasuwar da ya wuni a tsaye a kasuwar dabbobi ta Maigatari ranar Alhamis, ko ma'aikacin da ya wuni a ofis ranar da aka ɗauke wuta, ba ya buƙatar talla kafin ya miƙa hannu cikin kular mai kayan sanyi.

Mutane da dama sukan yi niyyar dainawa, musamman bayan an auna jininsu a asibiti an ce sukari ya yi yawa. Sai su jure kwana biyu ko uku, su koma. Yawanci abin da ke kayar da su shi ne ba su rarrabe abubuwa uku da kwalbar ke biya musu a lokaci guda ba: ƙishirwa, da sha'awar zaƙi, da sabon lokaci. Kowanne da maganinsa daban.

Yadda ya shigo ƙasar nan

An fara haɗa Coca-Cola a birnin Atlanta na Amurka a 1886, kuma rabin sunansa daga goro aka samo shi, domin sinadarin kafeyin da ke cikin goro na daga cikin abubuwan da aka fara haɗa shi da su. A Najeriya, an kafa kamfanin Nigerian Bottling Company a 1951, ya fara ɗura lemo a Legas a 1953. Kamfanin Seven-Up ya fara nasa aikin a 1960, shekarar samun 'yancin kai. Daga baya aka kafa masana'antu a Kano, wadda ita ce babbar cibiyar da kaya ke fitowa zuwa garuruwan arewacin Jigawa.

A da, lemon kwalba abin salla da biki ne, ana sha a mayar da kwalba. Zuwan robar da ake tafiya da ita, da ƙaruwar sababbin kamfanoni masu sayar da babbar roba a farashi mai sauƙi, da yaɗuwar firji mai aiki da hasken rana a shaguna, su suka mayar da shi abin sha na kullum har a ƙauyukan da wutar gwamnati ba ta kai ba.

Abin da ke cikin kwalba

Abu na farko shi ne sukari. Lemon da aka fi sabawa da shi yana ɗauke da kimanin giram 10 na sukari a kowace mililita 100. Ke nan robar rabin lita tana da kimanin giram 50, wato cokalin shayi 12, ko kusan ƙwaya 10 ta sukarin kwali. Babu mai zuba wannan adadi a kofin shayi ɗaya ya iya shanyewa. Sanyi da gas da tsamin da aka saka a ciki su ke ɓoye wa harshe yawan zaƙin.

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa na yini. Ga babban mutum, wannan ya kama kimanin giram 50, kuma hukumar ta ce rage shi zuwa giram 25 ya fi alheri. Roba ɗaya ta cinye kason yini gaba ɗaya, tun ba a lissafa sukarin koko da shayi da burodi ba. Mai shan roba biyu kullum yana zuba wa cikinsa kilo 36 da rabi a shekara, kusan kashi uku cikin huɗu na buhun sukari mai kilo 50.

Abu na biyu shi ne tsami. Baƙin lemo yana da sinadarin fosforik, mai ruwan lemon zaƙi kuma yana da sinadarin sitirik irin wanda ke cikin lemon tsami. Abu na uku shi ne kafeyin, wanda ake samu a baƙin lemo, kimanin miligiram 32 zuwa 35 a gwangwani ɗaya. Lemukan ƙara kuzari da direbobi da 'yan acaɓa da ɗalibai ke sha sun fi haka nesa, domin ƙaramin gwangwani na iya ɗaukar miligiram 80. Lemon malta shi ma cike yake da sukari, kuma haɗa shi da madara ba ya maganin ƙarancin jini kamar yadda ake yawan faɗa.

Abin da yake yi wa jiki

Sukarin da ya zo a ruwa ya bambanta da wanda ya zo a cikin abinci. Yana shiga jini da sauri, kuma ba ya ƙosar da mutum. Wanda ya sha roba ɗaya zai ci shinkafarsa ko tuwonsa kamar bai sha komai ba, sai rarar ta taru ta zama teɓa. Wani kaso na sukarin hanta ce ke sarrafa shi, idan ya yi mata yawa sai ta mayar da shi kitse ta ajiye a jikinta.

Wani nazari da masana a Jami'ar Harvard suka wallafa a 2010, bayan sun tattara sakamakon bincike da dama, ya nuna cewa masu shan lemo mai sukari sau ɗaya zuwa biyu a rana sun fi waɗanda ba su cika sha ba haɗarin kamuwa da ciwon sukari nau'i na biyu da kashi 26 cikin 100. Ƙungiyar yaƙi da ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya kimanin miliyan 3.6 ne ke ɗauke da ciwon a Najeriya, kuma fiye da rabin masu ciwon a Afirka ba su san suna da shi ba. Abin lura a nan shi ne yawan ƙishirwa na daga cikin alamomin farko na ciwon. Mutum sai ya riƙa jin ƙishi, ya sha lemo, sukarin jininsa ya ƙara hawa, ya yi ta fitsari, ƙishin ya dawo, shi kuma yana ɗora laifin a kan zafin gari.

Haƙori ma yana shan wahala ta fuska biyu. Tsamin yana zaizaye farin ɓawon da ya lulluɓe shi, sukarin kuma yana ciyar da ƙwayoyin cutar da ke huda shi. Kurɓar lemo kaɗan-kaɗan tsawon yini, kamar yadda mai tsaron shago kan yi, ya fi shanye shi lokaci guda illa ga haƙori.

Akwai kuma batun ƙoda, wanda ya shafi masu aiki a rana. Wani ƙaramin bincike da aka yi a Jami'ar Buffalo ta Amurka a 2019 ya gano cewa mutanen da suka yi aikin ƙarfi cikin zafi suna kashe ƙishi da lemo mai sukari da kafeyin sun nuna alamun wahalar ƙoda fiye da lokacin da suka sha ruwa. Wannan darasi ne ga 'yan dako da masu lodin dabbobi da manoman rani.

Lissafin aljihu da na gwamnati

Idan aka ƙaddara roba ɗaya naira 400 ce, mai shan biyu a rana yana kashe naira 24,000 a wata, fiye da kashi ɗaya cikin uku na mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. A shekara kuɗin ya kai naira 292,000. Ga magidancin da ke saya wa iyali da yaran shago, lissafin ya ninka.

Gwamnatin Tarayya ta saka harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai zaƙi a Dokar Kuɗi ta 2021, aka fara karɓa a 2022. Wannan naira biyar ke nan a kan robar rabin lita, adadin da mai saye ba ya ko jin sa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ganin sai haraji ya ɗaga farashi da aƙalla kashi 20 cikin 100 kafin ya rage sha yadda ya kamata. Ƙasar Meziko, wadda ke cikin ƙasashen da suka fi shan lemo a duniya, ta saka nata harajin a Janairun 2014, kuma sayen lemon ya ragu da kimanin kashi 6 cikin 100 a shekarar farko.

A ɗaya ɓangaren, ƙasa na ƙoƙarin noma sukarinta maimakon shigo da shi daga Brazil. A Gagarawa da maƙwabtanta ne gwamnatin Jigawa ta ware wa kamfanin Great Northern Agribusiness, na rukunin Lee, kimanin hekta 12,000 domin noman rake da kafa masana'antar sukari. Duk wannan yana nuna cewa sukari ba zai yi nisa da mutanen yankin ba. Rage shan sa ya rage ga mutum da gidansa.

Dalilin da ya sa dainawa ke da wuya

Likitoci ba su lissafa son lemon kwalba cikin cututtukan shaye-shaye ba, amma sun tabbatar da cewa jikin da ya saba da kafeyin yakan yi bore idan aka yanke masa. Alamomin su ne ciwon kai da kasala da gyangyaɗi da saurin fushi. Sukan fara awa 12 zuwa 24 bayan sha na ƙarshe, su tsananta a rana ta biyu, su lafa cikin kwana biyu zuwa tara. Duk wanda ya taɓa ganin mai cin goro ranar da bai samu ba ya san wannan hali. Da yawa suna komawa a rana ta uku, suna zaton jikinsu ba zai iya rayuwa ba tare da lemon ba, alhali sauran kwanaki kaɗan abin ya wuce.

Wanda lemonsa ba shi da kafeyin kuwa, abin da ya ɗaure shi zaƙi ne da sabo. Harshen da ya saba da zaƙi mai yawa yakan ji ruwa salam. Sannan ƙwaƙwalwa takan haɗa sha da wani lokaci ko wuri: bayan cin shinkafa da rana, lokacin da aka tsaya shan mai a hanyar Kano, zaman majalisa da dare, ko bayan an gama ciniki an tafa. Da zarar lokacin ya yi, hannu ya san inda zai nufa tun kafin mutum ya yi tunani. Ba banza ba aka ce sabo turken wawa.

Matakan dainawa

Mataki na farko shi ne ƙidaya. A ɗauki mako guda ana rubuta kowace kwalba da aka sha, da lokacin, da abin da ya jawo shan, ba tare da an rage komai ba. Ɗan kasuwa ya san ba a gane asara sai an buɗe littafi. Galibi mutum yakan tarar yana shan fiye da yadda yake zato, kuma lokuta biyu ko uku ne kawai ke maimaita kansu.

Na biyu, a raba ƙishirwa da sha'awa. Duk lokacin da ran mutum ya biya, ya fara shan kofi biyu na ruwa mai sanyi, ya jira minti goma. Idan ƙishi ne, an gama. A ƙasa mai zafi irin wannan, sanyin kwalbar ake nema sau da yawa, kuma ruwan randa ko na tulu ko ruwan leda mai sanyi yana biyan wannan buƙata. Mai fita kasuwa ya tanadi gorar ruwa da ke riƙe sanyi tun daga gida.

Na uku, a zaɓi hanya. Wanda ke shan ɗaya a rana, ko wanda likita ya umarce shi, zai iya yankewa lokaci guda, ya shirya wa mako ɗaya na rashin daɗi. Mai shan uku ko huɗu ya fi dacewa ya sauka a hankali: ya rage ɗaya kowane mako, ya koma ƙaramar kwalba maimakon babbar roba, daga nan ya mayar da shi ranar Juma'a kaɗai ko ranar biki. Idan ciwon kai ya matsa, ƙaramin kofin shayi marar sukari ko mai ɗan kaɗan yana sauƙaƙa shi.

Na huɗu, a nisanta shi. Katan ɗin da ke ajiye a firjin gida ko ƙarƙashin teburin ofis ya fi ƙarfin niyyar kowa. Mai shagon da ke sayar da lemo, wanda ba shi da damar nisanta, ya ɗora wa kansa dokar biyan kuɗin duk wanda ya sha cikin asusun shago nan take, kamar kowane mai saye.

Na biyar, a tara kuɗin da aka saba kashewa a wuri guda, ko a zuba shi adashi. Ganin abin da ya taru a ƙarshen wata yana ƙarfafa gwiwa fiye da nasiha.

Na shida, a yi haƙuri da lokaci. Wani bincike da aka yi a wata jami'a a Landan a 2009 ya nuna cewa sabuwar ɗabi'a takan ɗauki kimanin kwana 66 kafin ta zauna, wasu ƙasa da haka, wasu fiye da wata takwas. Binciken ya kuma nuna cewa tuntuɓe na rana ɗaya ba ya rushe abin da aka gina. Wanda ya sha a wurin ɗaurin aure ya ci gaba da shirinsa washegari, sannu ba ta hana zuwa.

Abin da za a sha a madadinsa

Yankin Gumel yana noma ɗaya daga cikin mafi kyawun madadi. Jigawa na sahun gaba a noman zoɓo a Najeriya, kuma Maigatari babbar matattara ce da ake haɗa busasshen zoɓo ana fitar da shi waje, musamman zuwa Meziko, inda ake jiƙa shi a sha kamar yadda ake yi a nan. Zoborodon da aka haɗa a gida da citta da kanumfari da ɓawon abarba, aka saka masa sukari kaɗan ko aka bar shi haka, yana da launi da ɗanɗano da sanyin da mai barin lemo ke kewa. Haka jiƙon tsamiya, da ruwan da aka matsa wa lemon tsami, da kunun aya, da nono ko kindirmo, da kankana a lokacinta.

Sai dai a kula kada a gudu ba a tsira ba. Zoɓo da kunun zaƙi da ake sayarwa a roba sau da yawa an cika musu sukari, wani lokaci har da garin ɗanɗano na leda. Kofin mai shayi da aka zuba wa madarar gwangwani mai kauri da ƙwaya biyar ta sukari bai fi lemon da aka gudu ba. Zuma da mazarƙwaila da ruwan 'ya'yan itace na kwali duk suna cikin sukarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rage. Ɗan itacen da aka ci da tsokarsa ya fi wanda aka matse. Bugu da ƙari, zoɓo yana ɗan saukar da jini, don haka mai shan maganin hawan jini da mace mai juna biyu su nemi shawarar likita kafin su mayar da shi abin sha na kullum.

Lemon da aka rubuta wa cewa ba shi da sukari yana iya zama tsani ga mai saukowa daga kwalba huɗu a rana, domin ba ya ɗaga sukarin jini. Amma tsaminsa yana nan, yana kuma riƙe harshe a kan son zaƙi. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a dogara da irin waɗannan sinadaran zaƙi wajen rage ƙiba.

Baƙunta da biki da azumi

Abin da ya fi wa mutane da yawa wuya shi ne ƙin karɓar abin da aka ba su don girmamawa. Idan aka je gaisuwa ko neman aure ko ciniki aka kawo lemo mai sanyi, mayar da shi kamar raini ne. Mafita ita ce a riga mai gida magana cikin ladabi: "Alhaji, na gode, a taimaka mini da ruwa, likita ya hana ni zaƙi." Ba a cika jayayya da wannan uzuri ba. Mai masauki kuma zai iya ajiye ruwa mai sanyi da zoɓon gida tare da lemon, baƙo ya zaɓa. Masu shirya walima da taron ofis su ma suna da rawar takawa, ta hanyar sa ruwa ya fi lemo yawa a cikin abin da za a raba.

Watan azumi dama ce, tarko ne kuma. Jiki yana koyon jure wuni ba tare da kafeyin ba, amma da yawa suna buɗe baki da lemo mai ƙanƙara, su sha roba biyu kafin isha'i. Wanda ya fara da ruwa da dabino kaɗan da kunu, ya jinkirta lemon har bayan abinci, yakan tarar sha'awar ta tafi. Kwana 29 ko 30 a haka kusan rabin tafiyar sauya ɗabi'a ne.

Wanda ya kamata ya ga likita

Mai yawan ƙishirwa da fitsarin dare, ko ramewa ba dalili, ko gani dishi-dishi, ko gyambon da ya ƙi warkewa, ya je a auna sukarin jininsa a Babban Asibitin Gumel ko asibitin da ya fi kusa da shi. Gwajin ɗigon jini ne daga yatsa, ba ya ɗaukar minti biyar. Wanda ya haura shekara 40, ko yake da teɓa, ko akwai mai ciwon a danginsa, ya auna ko da bai ji komai ba.

Akwai yanayi ɗaya da lemon kwalba ke da amfani. Mai ciwon sukari da ke allurar insulin ko shan wasu magunguna, idan sukarinsa ya faɗi ƙasa ya fara karkarwa da gumi da jiri, rabin kofi na lemo mai sukari yana farfaɗo da shi, muddin yana cikin hayyacinsa kuma yana iya haɗiya. Irin wannan mutum ya sanar da likitansa kafin ya sauya abin da yake ci da sha, domin a daidaita masa magani.

Yara kuwa, ba a ba wanda bai kai shekara biyu ba abin sha mai ƙarin sukari, kuma lemon ƙara kuzari ba na yara ba ne sam. Idan yaro yana gudawa, lemon kwalba yana ƙara ta. Abin da ake ba shi shi ne ruwan gishiri da sukari na leda da ake samu a asibiti da kemis, ko a haɗa a gida da shafaffen cokalin shayi shida na sukari da rabin cokali na gishiri a cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Yaron da ya tashi yana ganin mahaifinsa na kora tuwo da ruwa, shi ma da ruwa zai saba.